Aljanin Bututun Gidanmu

Bari in faɗi laifina da bakina kafin ƴan unguwa su faɗe shi da ƙarin gishiri: ni ne aljanin da ya yi magana a gidanmu. Shekarata goma sha uku a lokacin, kuma ba wani mugun abu na nufa ba. Takalmin balo, wato ƙwallon ƙafa, nake so.

Takalmin na yayana ne, baƙi mai jan igiya, yana rataye a ƙusa cikin ɗakinsa wata da watanni ba mai taɓa shi. Yaya ya ba ni shekara goma. Ya yi aiki a ramin uraniyom na Akokan, inda Baba ma ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har aka rufe ramin a 2021 suka dawo gida su biyu. Baba ya kafa ɗan tebur a bakin kasuwa yana sayar da kayan gyaran babur. Yaya kuwa ya shige ɗaki.

Ba rana ɗaya ya shige ba. Balo ya fara bari. Sannan ya bar zuwa fada, wato dandalin samarin layinmu, inda shi ne mai dafa shayi, mutumin da in ya ɗaga buta yana tsiyaya sai ka rantse daga kan soro shayin yake saukowa. Abokansa suka yi ta sallama a ƙofa har suka gaji. Daga baya wanka ya zama sai Inna ta yi magana sau bakwai. Ya lulluɓe rediyonsa da bargo. Ya cire batirin salularsa ya tura bayan randa. Wani lokaci ana cikin cin abinci sai ya tsaya, loma a hannu, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sannan ya yi ɗan murmushi ko ya ɓata fuska.

Mafi yawan mutane suka ce rashin aiki ne, domin a lokacin rabin samarin garin haka suke, zaune a inuwa suna zanen ƙasa da tsinke. Masanan unguwa suka ce uraniyom ne. Amma a garinmu Arlit in akuya ta yi atishawa uraniyom ne, in tuwo ya yi gudaji uraniyom ne. Ni ma na taɓa gaya wa malamin lissafi cewa shi ya sa na ci sifiri. Bai yarda ba.

Inna ba ta ce komai ba. Mu mutanen Damagaram ne, Yaya kuma ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. "Yayanka" take cewa, ko "na ɗakin can". Sai dai na lura duk naman miya a kwanonsa yake ƙarewa.

Ɗakin Yaya yana da bututun roba a gindin bango, wanda ruwa ke bi ya fita lungu in an wanke daɓe. Tun ina ƙarami na gano cewa in ka kafa baki a bututun daga waje ka yi magana, muryarka tana fitowa a ciki kamar ta ƙato a cikin rijiya. Shirina ba shi da wuya. In tsorata shi kaɗan, in ba shi umarni ya ba ƙanensa takalmi, sannan in zagayo in shigo gida ina fito kamar ban san komai ba.

Wata rana bayan azahar, ana zafin da ko ƙadangare ba ya leƙowa, na kwanta rubda ciki a lungu na kafa baki.

"Ya kai ɗan Adam!" Na ja muryar tun daga cibiya. "Ni ne na ƙarƙashin ƙasa! Kun rufe mini gida, na biyo ka!"

Ashe daidai lokacin Inna ta shiga kai masa fura. Na ji kwano ya faɗi, na ji salati, na ji gudun silifa. Na toshe baki ina dariya har ƙasa ta shiga mini hanci. Ina shirin kawo zancen takalmi ke nan sai muryar Yaya ta biyo bututun, a natse, kamar yana magana da baƙo a layin famfo.

"Kai sabo ne, ban san muryarka ba. Ka jira, waɗancan biyun ba su gama ba."

Na daina dariya. Waɗanne biyu? Inna ta gudu, ba kowa a ɗakin sai shi. Na tashi na kakkaɓe riga na bar wurin.

Kafin la'asar labari ya kai ƙarshen unguwa. Kafin magariba aljanin ya yi kai biyu. Washegari a lakwal, wato makaranta, wani yaro ya rantse mini cewa ƙanwar kakarsa ta ga koren hayaƙi yana fita daga gidanmu, ni kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara masa da cewa har warin ashana aka ji. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, an yi shekara da shekaru ana haƙa ƙasa ana damun mutanen ɓoye, yanzu an toshe rami sun rasa wurin zama, sai suka biyo wanda suka sani. Ina jin masu furfura suna maimaita kalmomin da na ƙago ina kwance a cikin ƙasa. Kaina ya yi girma har kwana biyu.

A rana ta uku aka aike ni in kai wa Yaya abinci. Na tarar ya cusa tsumma a bututun ya danne da dutse. Idonsa ya faɗa. Ya ce in tura ƙofa.

"Auta, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji, Yaya."

"Na daɗe ina ce wa raina ƙila kaina ne. Ƙila ba kowa. Ina cewa in na daure za su tafi." Ya rage murya. "Amma Inna ta ji. Da kunnenta ta ji. Ashe da gaske suna nan."

"Me suke ce maka?"

"Ɗaya yana faɗin duk abin da nake yi. Ya tashi, ya zauna, ya ɗauki kofi. Ɗayan kuma zagi kawai. Yanzu ya ce kar in ci abincin gidan nan, an sa abu a ciki."

Ya ture kwanon da ƙafa. Daga ranar ba ya cin komai sai dabino da ruwan da ya taro da hannunsa a famfo da daddare. Na fita na zauna a gindin bango, na yanke wa kaina hukunci: ni na haukata yayana, da bututu, a kan takalmi.

Ana cikin haka Kawu ya sauko daga Tchibarakaten. Ƙanen Inna ne, yana kai wa masu haƙar zinariya kaya, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa tambayar da ba shi da amsarta ba. Ya saurari Inna, ya leƙa bututun daga nesa, ya ce ya san inda za a je. Da yamma ya zauna da Baba a ƙofar gida ya yi bayani. Akwai wani mai magani can kudu, gidansa cike da masu irin wannan. Ana sa musu mari a ƙafa, a ɗaure su a gindin itace, a yi ta turare da duka har abin ya fita, ko wata shida ne ko shekara.

"Duka?" in ji Baba.

"Ba shi ake duka ba, Malam. Na jikinsa ake duka."

"To amma bayan wa ke tsagewa?"

Maƙwabcinmu ne ya yi wannan tambayar, wani dattijo mutumin Abzin mai garka a bayan gari, kullum rawaninsa har hanci. Shi da Baba sun fi shekara ashirin suna shan shayi a tabarma ɗaya. Ya ce ƴar wansa ta yi irin wannan, tana jin magana ba kowa a wurin, aka kai ta likita a Agadas, yanzu ɗinki take yi har da masu koyo.

Baba ya girgiza kai. "Da shi kaɗai ke ji, da tun jiya na bi maganarka. Amma uwarsa ta ji. Ciwo ba ya fita daga kan mutum ya shiga kunnen wani. Wane likita ne ke da allurar abin da ke magana a bututu?"

Ina tsaye a zaure ina jin su. A nan na gane sarai inda aka tsaya. Hujja ɗaya ce tak za ta kai yayana gindin itace da mari a ƙafa, kuma hujjar nan tana tsaye a zaure da gajeren wando. Aka sa rana, Alhamis mai zuwa, a motar da ke sauka kudu.

Sau uku ina niyyar faɗa. A na farko na tsaya gaban Baba na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ƙarfe nawa. A na biyu na rubuta a takarda na sa a aljihun rigarsa, Inna ta wanke rigar. A na uku na je wurin Inna, na tarar tana ninke kayan Yaya cikin jaka. Ta juya mini baya ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba a ma hura wuta ba. Na kasa.

Ranar Laraba da hantsi Kawu ya dawo daga kasuwa da leda mai nauyi, ya zazzage ta a tsakar gida. Sarƙa ce da kwaɗo, irin wadda ake ɗaure babur da ita.

"Ta hanya ce kawai," in ji shi, "kar ya diro daga mota."

Ƙarar sarƙar nan a kan daɓe ita ta buɗe mini baki.

"Ni ne."

Ba wanda ya juyo.

"Baba, ni ne aljanin."

"Tashi ka ba mu wuri, ana maganar manya," in ji Kawu.

"Wallahi ni ne! Ni na yi magana a bututun!"

Inna ta ɗago kai ta dube ni a gajiye. "Kai da ka ce ka ga kura a bayan lakwal tana leƙen allo? Kai da ka ce jirgin sama ya cire maka hula? Don Allah, Auta, yau ba ranar shiririta ba ce."

Shekara goma sha uku ina sayar wa gidan nan da ƙarya suna saye suna dariya, ranar da na kawo gaskiya ba mai ko tayawa. Na ce to su shiga ɗakin su tsaya, za su ji. Amma kafin nan na je wurin Yaya, don na rantse ba zan sake jefa masa murya yana cikin ɗaki ba.

"Yaya, zo lungu in nuna maka wani abu."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya biyo ni yana kare ido da hannu, domin rabonsa da fita rana an kwana biyu. Baba ya ɗage dutsen ya zare tsumman. Na kwanta a gaban Yaya, na kafa baki, na maimaita maganar kalma bayan kalma, sai dai wannan karon aljanin muryarsa rawa take yi.

Sai muryar Inna ta fito daga ciki, ita ba ta ma nemi taimakon bututu ba.

"La ilaha illallahu! Ku riƙe mini shi!"

Inna tana da ciwon gwiwa, kafin ta tashi daga tabarma sai ka gama cin tuwo. Amma ranar nan, muciya a hannu, ta bi ni har kusa da masallaci, kuma na yi imani da an ba ta riga mai lamba da ta ci wa unguwarmu kofi. Na sha biyu a gadon baya. Goma na cancanta.

Da na lallaɓo na dawo, Yaya yana nan tsaye a lungu yana kallon bututun, Baba da Kawu da maƙwabcinmu suna gefensa.

"Don me?" ya tambaye ni.

"Takalminka nake so."

"Takalmi." Ya yi wani sauti mai kama da dariya, wadda rabona da jinta har na manta. "Da ka tambaya mana, shashasha."

Sannan ya juya wurin Baba, fuskar ta koma yadda take.

"To wannan shi ne, na gani da idona. Sauran biyun fa, Baba? Su wa ke kwance musu a lungu?"

Baba ya dafa kafaɗarsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

"Ba kowa, ɗana. Su za mu je mu tambaya a Agadas."

Kawu ya ce ai aljani yana iya aron bakin yaro. Baba ya ce wannan yaron ba ya bukatar a ari bakinsa, da kansa yake aiki. Kawu ya tattara sarƙarsa yana gunaguni. Amma in faɗi gaskiya, shi ya je tasha ya kama mana wuri a motar Agadas, har ya saya wa Yaya dabino na hanya. Ba mugu ba ne. Abin da ya sani ke nan.

Baba ya ce da ni za a je, in faɗa wa likita abin da na yi da bakina. Hanyar Arlit zuwa Agadas, ga wanda bai san ta ba, an taɓa zuba mata kwalta, kuma har yanzu akwai wurare biyu ko uku da za ka ga shaidar haka. Mun faɗa wani rami da na tabbata akwai wata motar a ƙasansa da fasinjojinta suna jiran a zo. Yaya yana tsakanin Baba da maƙwabcinmu, can a hanya ya ce, "In ɗaya ta zama ƙarya, ƙila sauran ma a san abin da suke."

Likitar da aka kai mu wurinta mace ce ƴar siririya mai tabarau. Yaya ta fara gaisarwa, sannan ta tambaye shi ko ya yarda mu zauna a ciki. Abin ya ba ni mamaki, don an daɗe a gidanmu ana magana a kan Yaya, ba a magana da Yaya. Ta daɗe tana tambayarsa. Ya barcinsa yake? Me muryoyin ke cewa? Sun taɓa ce masa ya cutar da kansa? Yana shan wiwi ko ƙwaya? Ya ce a'a. Akwai wani a dangi da ya yi irin wannan? Baba ya tuna wani baffansa a ƙauye wanda ake cewa ya cika hira shi kaɗai. Aka ɗebi jini, aka yi aune-aune don a tabbatar ba wani ciwon ne ya kawo haka ba. Kwana biyu muka yi.

Sunan abin sikizofireni. Na sa ta maimaita sau uku na rubuta a tafin hannu, don in na koma unguwa in ga wanda zai iya yi masa kai biyu.

"Ciwo ne na ƙwaƙwalwa," in ji ta, "kamar yadda wani ke ciwon suga, wani hawan jini. Ƙwaƙwalwar ce ke yin maganar a cikinta, sai ta kawo wa mutum kamar daga waje ta zo. Shi da gaske yake ji. Ba ƙarya yake yi ba, ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba. Yakan fara wa mutum a irin shekarunsa, a hankali, shi ya sa ba a ganewa da wuri."

"Ba uraniyom ba ne?" in ji Baba.

"Ƙurar rami tana da nata cututtukan, Baba, kuma ku biyun ya kamata a riƙa duba muku ƙirji. Amma wannan ana samunsa a garuruwan da ba su san ma'adini ba."

"Addu'a fa?"

"Ku ci gaba, ni ma ina yi. Abin da ban yarda ba shi ne duka, da ɗauri, da hana abinci. In ya ce ya ji magana, kar ku ƙaryata shi, kar kuma ku ce ku ma kun ji. Ku ce masa, mun san kana ji, mu ba ma ji, muna nan tare da kai."

Baba ya zungure ni da gwiwar hannu. Na miƙe tsaye kamar a aji na zayyana komai, tun daga takalmi har muciya. Likitar ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa, kuma ina zargin dariya take ɓoyewa. Sannan ta dubi Yaya.

"Tun yaushe ka fara jin su?"

"Tun kafin a rufe rami. Cikin ƙarar inji nake jin su, ina zaton abokan aiki ne."

"Ka ji ko?" ta ce da ni. "Ba kai ka sa masa ba. Ba a sa wa mutum wannan ciwo ta bututu. Amma ka ƙara masa tsoro, kuma saura kaɗan ka sa a kai shi inda ba a nan maganinsa yake ba. Wannan naka ne, ka riƙe shi. Sauran ka ajiye."

Na riƙe. Sauran kuwa da na ajiye, sai na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka.

Maganin ba ya aiki kamar na ciwon kai. Makonnin farko Yaya barci kawai yake yi, irin barcin da ko bikin maƙwabta ba ya tashinsa. Hannunsa ya riƙa rawa, wuyansa ya sandare, sai da Baba ya kira likitar ta gyara yadda zai sha. Wajen mako na huɗu, ana zaune da rana, ya jawo kwanon tuwo ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu. Inna ta tashi ta ƙara masa miya, ta shige madafa ta daɗe ba ta fito ba. Ya ce mini muryoyin suna nan, amma sun koma kamar rediyon gidan maƙwabta, kana jin ana magana, ba dole ka saurara ba.

Ya koma fada. Wasu suka karɓe shi kamar jiya ya tafi, wasu suka riƙa matsawa in ya zauna. Wani ƙato ya kira shi mahaukaci a gabana, na yi masa dukan da har yau ake labarinsa, ko da yake waɗanda suka gani sun ce ni aka ɗaga daga ƙasa.

Bayan wata biyar Yaya ya ga ya warke. Ya yi ƙiba, abin da bai so ba, kuma kullum da safe Inna tana tsaye a kansa da kofin ruwa tana cewa ya buɗe baki ta gani. Sai ya koyi ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ya tofar daga baya. Ba mu sani ba sai da muka ga rediyo ya koma cikin bargo. Amma wannan karon mun san alamar. Ba a tara unguwa ba. Baba ya kira likitar, suka koma Agadas su biyu.

Da suka dawo ya samu sauƙi, Yaya ya zaunar da mu ya ce, "Ba maganin kaɗai na ƙi ba. Na gaji da a tsaya a kaina kamar ɗan goye. Shekarata ashirin da huɗu."

Baba ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya shigo da katako da ƙusoshi da marafan kwalba huɗu.

A ramin da suka yi aiki, kowane ma'aikaci yana da ɗan ƙarfe mai lambarsa, jeto suke ce masa. In za ka sauka sai ka rataye shi a layin waɗanda ke ƙasa, in ka fito ka mayar da shi layin waɗanda ke sama. Ba mai bin ka yana tambaya ka fito ko ba ka fito ba, allo ake dubawa. In kuwa jeto ɗaya ya rage a layin ƙasa, ba wanda zai tafi gida sai an nemo mai shi.

Baba ya kafa ƙusoshi layi biyu, ya huda marafan ya rubuta musu lamba, ya rataye allon kusa da randa. Ba na Yaya kaɗai ya yi ba, kowa da nasa. Na Baba na maganin hawan jini ne, wanda ashe shi ma tsallakewa yake yi. Na Inna na maganin gwiwa. Ni ba ni da ciwo, sai aka ce nawa na aikin da aka ba ni daga lakwal ne. Kullum da safe duka huɗun suna layin ƙasa, wanda ya yi nasa ya ɗaga da hannunsa. Ba mai tambayar kowa. In rana ta yi tsaka an ga wani bai ɗaga ba, sai wanda ya gani ya ce da ƙarfi, "Akwai mutum a rami!" Shi ke nan.

Ni da na san hanyoyin zamba, na ga ɓaraka nan take. Na tambayi Yaya me zai hana ya ɗaga nasa bai sha ba. Ya kalle ni kamar na zagi wani babba.

"Ba a wasa da jeto, Auta. Wanda ya ɗaga na ƙarya ya sa an tafi an bar mutum a ƙasa."

Wanda ya fi kowa daɗewa a rami a gidanmu ni ne, akwai makon da ban ga hasken rana ba sam. Na biyu Baba. Yaya sau huɗu kawai aka yi masa kira a shekarar farko, biyu daga ciki ma makara ya yi.

Shekara uku ke nan. Yaya bai warke ba, in warkewa ita ce a bar shan magani. Likitar ta ce zai daɗe yana sha, ƙila har iyakar rayuwa. Yana aiki a garkar maƙwabcinmu, ya yi ban ruwa da sassafe, ya kai salati da tumatir kasuwa a baro. Muryar mai zagi ta daina zuwa. Mai faɗin abin da yake yi tana dawowa in ya kwana biyu bai samu barci sosai ba, kuma yanzu da kansa yake gaya mana. Akwai ranakun da ba ya son ganin kowa, sai mu bar shi, mu ajiye masa abinci, ya ci. Na karanta masa wannan rubutu kafin kowa ya gani, ya ce ya yarda a karanta, amma in sani Inna ba ta kai masallaci ba, a bakin lungu ta tsaya. Duk wata uku yana zuwa Agadas ganin likita, kuma tun bara shi kaɗai yake shiga mota ya je ya dawo.